Yadda ake rubuta wa 'yan uwa da abokai wasiƙa, a takarda ko ta imel

Ina ɗan firamare ni ne mai karanta wa kakata wasiƙa. Duk ranar da direban motar kasuwa ya kawo takarda daga wurin kawuna da ke aiki a Legas, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, a aika a kira ni. Ba ita kaɗai ke saurare ba. Matan gida na nan, maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ita ma ta tsaya, kowa na jira ya ji ko an ambace shi. Wadda aka tsallake, ranar ba a ganin haƙoranta. A kan tabarmar nan na gane cewa wasiƙa a wurinmu ziyara ce: ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi abin da ke tafe da kai, ka yi ban kwana. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 takarda ta ja baya, amma har yau akwai maganar da kiran minti biyu ba ya ɗauke ta. Ga yadda ake shirya ta.

Mataki na 1: Ka san kunnuwan da za su ji

Kafin ka ɗauki biro, ka tambayi kanka wa zai buɗe takardar. Idan mahaifiyarka ba ta karatun boko, ƙanenka ne zai karanta mata, wataƙila a gaban mutane. Ko imel ne ma, da wuya a ce tsoho shi ke riƙe da kalmar sirrin akwatinsa. Don haka maganar saɓani tsakaninka da iyalinka, ko yawan albashinka, ko neman aure da bai nuna ba, kada ta shiga irin wannan wasiƙa. Ka rubuta "akwai maganar da zan yi muku idan na kira" ya isa.

Wannan kuma shi zai nuna maka harshen da za ka yi amfani da shi. Abin da za a karanta a bayyane yana son gajerun jimloli da Hausa tsantsa. Idan dattijon da kake rubuta wa almajiri ne kuma hannunka ya iya ajami, ka rubuta masa da ajamin, sai ya karanta abarsa da kansa ba tare da ɗan tsakani ba.

Mataki na 2: Kan takarda

A sama ta hannun dama ka sa adireshinka da kwanan wata. Mutanen gida da dama da watan Musulunci suke lissafi, saboda haka babu laifi ka sa duka biyun. Wasu suna farawa da Bisimilla, wasu kuma suna guje wa rubuta ta ko wata aya a takardar da ba su san inda za ta ƙare ba, kada wata rana a ƙunshe ƙosai da ita. Ni ina tare da na biyun.

Sai kiran wanda ake rubuta wa. Babba ba a kama sunansa: "Zuwa ga Baba", "Zuwa ga Inna", "Zuwa ga Yaya", "Zuwa ga Gwaggo". Suruki kuwa ko da wasa. Tsofaffin takardu kan fara da "Takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci." Ga dattijo har yanzu wannan salon yana da daɗin ji. Ga abokin da kuka yi makaranta tare kuwa, zai ɗauka tsokanarsa kake yi.

Mataki na 3: Gaisuwa, kuma kada ka yi mata rowa

A nan ne matasa suka fi tuntuɓe, don sun saba da saƙon waya mai layi ɗaya. Wanda ya shiga zauren mahaifinsa bai durƙusa ba ya fara zuba buƙata, an san abin da za a kira shi. Haka take a takarda.

Ka fara da sallama, ka tambayi lafiyarsa, sannan ka bi mutanen gida bisa girma: iyaye, abokan zaman mahaifiyarka, yayye, ƙanne. Iyaye da surukai ana ce musu "ku", ba "kai" ko "ke" ba. Ka kula da alkunya: idan mace ce ke rubuta wa surukarta, ba za ta kama sunan mijinta ba, "maigidan" ko "baban su wance" za ta ce, kuma iyaye da yawa ba sa faɗin sunan ɗan fari.

Abin da ke raba gaisuwa mai rai da ta haddace shi ne tambaya takamaimai. "Yaya gida?" kowa na iya rubuta ta. Amma "Yaya ciwon gwiwar nan, ya lafa da shigowar zafi?" ko "An samu yin maimai a gonar bayan gari kafin ruwa ya tsananta?" tana nuna cewa zuciyarka na gida ko da ƙafarka na nesa. Ka daidaita ta da lokaci: yaya damina, yaya sanyi, yaya ibada idan azumi ne.

Mataki na 4: "Bayan haka"

Waɗannan kalmomi biyu su ne ƙofar maganar. Da mai sauraro ya ji su zai gyara zama.

Idan labari kake bayarwa, ka ba da shi da ƙwarya-ƙwaryarsa. "Ina nan lafiya, aiki lafiya" ba labari ba ne. Ka faɗi irin ɗakin da ka kama, wa kuke kwana tare, nawa ake sayar da mudun shinkafa a can, a wane masallaci kake Juma'a, ko ka samu 'yan garinku. Uwa abin da take son ji ke nan, don da shi take ƙiyasta ko kana cin abinci.

Idan roƙo ne, ka faɗe shi sau ɗaya, a fili: nawa ne, na mene ne, zuwa yaushe, kuma kyauta kake nema ko rance. Kewaye-kewaye yana sa mutum ya gama karatu bai san me ake so da shi ba. Kada kuma ya zama ba a ganin takardarka sai da buƙata.

Labarin rasuwa ba a fara jin sa daga imel. A kira, ko a tura babba ya je ya faɗa. Wasiƙar ta'aziyya ita ke biyo baya, kuma gajeriya ce: ka yi wa mamaci addu'ar Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ka ba da haƙuri, ka ambaci wani alheri guda da ka san shi da shi. A irin wannan takarda ba a cusa labarin kai.

Sai fushi. Labarin zuciya a tambayi fuska, takarda kuwa ba ta da fuska. Wasan da za ka yi wa ɗan'uwanka baki da baki a yi dariya, a rubuce yana iya zama zagi, in ban da tsakanin taubasai da suka saba. Idan ranka a ɓace yake, ka rubuta, ka ajiye ta kwana, ka sake karantawa da safe. Sau da yawa da kanka za ka yage ta.

Mataki na 5: Ban kwana

Ka sake aika gaisuwa ga waɗanda ba ka ambata ba, ka isar da ta waɗanda ke tare da kai, ka nemi addu'a. Ga misalin yadda ɗa zai rufe:

"A gaishe mini da Gwaggo da su Kawu da duk wanda ya tambaye ni. Abokan zamana suna gaishe ku. A ci gaba da sa mu a addu'a. Allah ya ƙara girma, ya bar mana ku. Wassalam. Ni ne ɗanku."

Ga aboki, "Sai na ji daga gare ka, naka har kullum" ta wadatar.

Idan imel ne

Tsarin bai canza ba, sai dai a rage tsawo. Adireshi da kwanan wata ba sai ka rubuta ba, na'ura ta ɗauke maka. Amma gurbin taken saƙo kada ka bar shi fayau, kada kuma ka rubuta "Salam" kawai. "Hotunan sunan jaririya" ko "Maganar kuɗin makarantar ƙanenmu" zai sa a gano saƙon ko bayan shekara.

Ka ƙara Hausa cikin harsunan madannan wayarka, madannin Google mai suna Gboard yana da ita, don ka samu ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ƙawa ba ce. Wanda ya rubuta wa yayansa "na bata kudin" ya bar shi cikin duhu: ba ta kuɗin aka yi, ko ɓata su aka yi? Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya su ke raba "na ba ta" da "na ɓata". Ka bar taƙaice-taƙaicen nan na "slm" da "ykk" ga sa'o'inka.

Hotuna kuma a yi hattara. Gmail ba ya ɗaukar abin da aka liƙa idan ya wuce megabayit 25, kuma wanda ke ƙauye da datarsa zai sauke su. Uku masu kyau sun fi talatin. Idan gayyatar biki ce za ka tura wa mutane da yawa, ka zuba adireshinsu a gurbin da aka rubuta Bcc, don kada kowa ya ga na kowa. Ka duba sunan wanda kake aika wa sau biyu kafin ka danna, musamman da yake a dangi ɗaya ana iya samun masu suna ɗaya har uku. Gmail yana ba da damar janye saƙo, amma iyakarta daƙiƙa 30, ita ma sai ka saita ta haka.

Idan kuma imel ya zo da sunan ɗan'uwa yana cewa ya shiga matsala a tura kuɗi wani sabon asusu, kada ka amsa a nan. Ka kira shi ka ji muryarsa.

Mataki na ƙarshe: Aikawa

Ka karanta wasiƙar da ƙarfi, kamar kai ne yaron da za a kira tsakar gida. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda ka ji nauyin furtawa, ka cire.

Sai ka ninke ta ka sa a ambulan. Sunan mai karɓa da adireshinsa a tsakiya, naka a baya ko a kusurwar hagu ta sama. A Najeriya lambar yanki ta NIPOST, wato hukumar gidan waya, alƙaluma shida ce, ka tambaye ta a gidan waya lokacin da kake sayen kan sarki. Idan garinku ba a raba wasiƙa gida-gida, ka rubuta "ta hannun" shugaban makarantar firamare ko wani mai akwatin gidan waya, ka ƙara lambar wayar mai karɓa a jikin ambulan. In kuwa matafiyi ko direba za ka ba a tasha, ka karɓi lambarsa, ka kira gida ka faɗa musu motar da lokacin da ta tashi. Kuɗi dai kada ka sa a ciki.