Yadda Ake Zaɓa Wa Ƙudan Zuma Wuri A Gona

Kusan duk wanda na ga ya fara kiwon zuma a ƙasar Gombe, kuskurensa ɗaya ne: inda yake da fili, nan yake kai akwatunansa. Zuma ta shiga, ya yi murna, bayan wata uku ya zo ya tarar da saƙa fayau, tururuwa na yawo a ciki, sai ya ce ai kafinta ne bai iya ba. Laifin ba na katako ba ne. Ƙudan zuma ba a cikin akwati suke kiwo ba, a gonakin da ke kewaye da shi suke, naka da na maƙwabta.

Saboda haka kafin ka kai ko akwati ɗaya, hau mashin ka zagaya. Zuma tana yin kilomita 2 zuwa 3 neman abinci, amma duk nisan da ta ƙara, abin da take kawowa gida raguwa yake. Abin da za ka duba shi ne bishiyoyi. Gawo yana fure bayan ɗaukewar damina, mangwaro da kaɗanya su karɓa a hunturu, ɗorawa ta biyo baya da jan tuntunta, sannan darbejiya da tsamiya. Ana so a samu layin da ba ya yankewa. Idan ka tsaya a tsakiyar fili ka ga masara iya ganinka, an sare komai an yi gawayi, juya kawai. Masara da dawa garin fure kaɗai suke bayarwa, ba su da ruwan furen da ake yin zuma da shi, kuma da an yi girbi wurin ya zama hamada har wata damina. Riɗi kuwa alheri ne, haka kankana da kabewa. Ni ba na ajiye akwati a wurin da ba na hango gawo ko ɗorawa aƙalla biyar daga inda nake tsaye.

Sai ruwa. A bazara da ruwa suke sanyaya cikin amya, ba shi ba zama. Ba sai ka sayi komai ba: yanke tsohuwar jarka, zuba tsakuwa ko guntayen kara don kada su nutse, ka ajiye a inuwa. Ka fara tun ranar farko, domin in suka saba da wani wurin shan, da wuya su canza.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubuta wannan, wato feshi. Wata shekara na ajiye akwatuna shida a wajen Deba, wuri mai kyau, bishiyoyi ko'ina. Ban tambayi abin da maƙwabcina ya shuka ba. Wake ne. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma daidai wannan lokacin manomi ke goya abin feshinsa saboda babu iska, babu zafin rana. Shi ne kuma lokacin da zuma ke kan furen. Da yamma na je na tarar da su a ƙofar akwati, tsibi guda, wasu sun mutu harshe a waje, wasu suna juyi a ƙasa kamar masu farfaɗiya, ba sa iya tashi. Na cika tafin hannuna biyu daga akwati ɗaya. Masu fita kiwo ne suka ƙare, sai 'ya'yan da ke cikin saƙa suka rasa mai ciyar da su. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya kwana 21 ne, kuma shi manomin wake ba sau ɗaya yake feshi ba, kafin sababbi su fito ya sake. Akwatuna huɗu na rasa.

Ban je masa da faɗa ba, don bai san abin da ya faru ba, amfaninsa yake karewa daga tsutsa. Na kai masa kwalbar zuma, muka gaisa, na ce, "Baba, alfarma nake nema. In za ka yi feshi, a bari sai bayan la'asar sakaliya, kuma a aiko yaro ya gaya min tun ana gobe za a yi." Ya ce, "Ɗana, ai da ka faɗa tun farko." Wannan ziyarar ita ce matakin da ba a tsallakewa. Ka san duk mai wake, auduga, tumatir ko albasa kusa da kai, musamman a wuraren noman rani irin na Dadin Kowa inda feshi ba ya tsayawa ko da rani. Idan dole da safe za a yi, toshe ƙofar akwati da raga tun da dare, ka ɗora jiƙaƙƙen buhu a kai, ka buɗe da rana ta yi sanyi. Kada ka wuce haka, zafi zai kashe su. Ka kuma roƙa kada a wanke abin feshi a bar ruwan kwance a ƙasa, zuma tana sha.

Maganin ciyawa ma yana da tasa ɓarnar: yana share furannin gefen gona waɗanda zuma ke dogaro da su tsakanin furen wannan bishiya da na waccan. A gonarka, bar taku biyu a iyaka ba noma ba feshi, ka bar magarya ta girma. Amma ka share kewayen akwati tas kafin masu ƙona daji su fara.

Sauran mai sauƙi ne. Ɗora akwati a kan ƙarfe daidai ƙugu, ƙafafun cikin gwangwanin baƙin mai saboda tururuwa, ƙofa tana kallon gabas, nesa da burtali. Ɗebi zuma a bazara kafin ruwa ya sauka, da yamma, da hayaƙi, ban da wuta. Saƙar da ke da 'ya'ya ba a taɓa ta, kuma ka bar musu ta zuma biyu ko uku da za su ci a tsakiyar damina.