Famfon shawa na ɗiga: kurakuran da muke yi wajen gyara

A garuruwanmu na wajen Ringim da Taura, duk wanda ya ɗora tanki ya ja shawa zuwa banɗaki ya san abin da ruwan nan ya ci masa. Ko an ƙona fetur a inji, ko an jira rana ta buɗe sola ta ja. Shi ya sa ɗigon famfo ke ci min rai. Ɗigo ɗaya duk daƙiƙa, daga safiyar yau zuwa ta gobe ya cika jarka mai lita 25, ga gindin katanga yana ta shan laima.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sa ƙarfi. Famfo ya fara ɗiga, sai maigida ya murɗe shi iya ƙarfinsa, yara ma su koya. Alhali a cikinsa wata 'yar baƙar roba ce, washa, mai faɗin maɓallin riga, ita ke danne bakin ramin da ruwa ke bi, kuma yawan matsewa ne ke yanka ta. Da na kwance na gidan ƙanena, na tarar da robar kamar an tauna, ga ƙwayoyin yashi sun nutse a jikinta. Yashin daga burtsatse yake zuwa, ya kwanta a gindin tanki, ya biyo bututu, har ya karce wurin da robar ke zama. In ka canza roba ba ka wanke tanki ba, ka saurari ɗigon nan ba da jimawa ba.

Sai kwance famfo tun ba a gano inda yake yoyo ba. Goge shi da busasshen tsumma, ka tsaya ka duba. In ta kan shawa ruwan ke saukowa, washa ce. In ta gindin mamurɗi yake tsattsafowa, ɗan zoben robar da ke jikin sandar da mamurɗin ke juyawa ne ya cinye. In ta mahaɗar bango ne, zaren mahaɗar, wato tsagin da ake murɗa famfo a kai, ke son sabon farin tef. Shawar da ta ɗan ɗiga bayan wanka ta tsaya kuwa lafiyarta ƙalau, ragowar ruwan cikin bututu ne.

Kafin sifana ta taɓa famfo, rufe makullin gindin tanki, ka buɗe shawa ruwan ciki ya tsiyaye, ka toshe magudana da tsumma. Ɗan sukurun mamurɗi in ya faɗa can, ya tafi ke nan.

Wajen sayayya ma ana tafka kuskure. Famfo iri biyu ne: wanda ake ta murɗawa kafin ya rufe, shi ke da washa, da wanda juyi ɗaya kaɗan ke rufe shi, wannan ba washa a cikinsa, 'yan faifan tangaran ne, cikin ake canzawa ɗungurungum. Kada ka aiki yaro da kwatancen baki, ko ka ce wa mai shago "rabin inci" kawai. Sa tsohuwar robar ko tsohon cikin famfon a aljihu, ko kasuwar garinku za ka, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a gwada maka a gabanka.

Farin tef kuma ana naɗa shi ne ta ɓangaren da ake ɗaure famfo, wato dama, yadda hannun agogo ke tafiya, in bakin zaren na kallonka. Ka naɗa a juye, yana shiga yana warwarewa. In famfon ƙarfe za ka ɗaura a mahaɗar roba, hannu ya fara, sifana ta ɗan ƙarasa. Ƙara matsi ke tsaga mahaɗar a cikin bango, sai an fasa siminti. Robar tayar babur da gam ɗin da muke liƙa takalmi kuwa, don Allah a bar su. Ɓoye yoyon suke yi, ruwan ya koma cin bulo ta ciki.

Wajen mayarwa, bar mamurɗin a buɗe kafin ka ɗaure cikin famfon, don kada ka murƙushe sabuwar robar. Cire kan shawar, ka saki ruwa ya kore yashin bututu, sannan ka mayar, ka rufe da yatsu biyu.