Yadda ake wankin mota ba tare da an yi asarar ido ba

Wata Asabar cikin hunturu, wani yaro da ke aiki a hannuna ya tsuguna gaban tayar wata Hilux yana fesa wa janti maganin cire dauɗa. Tsakanin fuskarsa da ƙarfen bai wuce taki biyu ba. Iska ta kaɗo, feshin ya komo masa a fuska. "Maigida, idona!" Ya ɗaga bayan hannu zai murza, na riƙe hannun, na jawo butar alwala da ke gindin dogon yaro, na kwantar da shi ina zuba masa ruwa. Allah ya tsare idon, amma sai da ya yi mako biyu yana zaryar asibiti. Ni na miƙa masa kwalbar nan, ban miƙa masa tabarau ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Tun ranar na sake tsarin aiki a wurinmu. Shi zan shimfiɗa a nan, ko motocin mutane kake wankewa a bakin titi a Wadata ko Yantala a Yamai, ko taka ce a ƙofar gida.

Fara da sanin abin da ke cikin kwalba

In ka cire sabulu da omo, magungunan wankin mota kashi uku ne. Akwai masu soda, irin wanda ake cire maiƙon inji da shi. Akwai masu asid, kamar wasu magungunan janti da ruwan batiri. Sai masu tashi a iska, wato esansi da dangoginsa. Ana auna ƙarfin soda da asid da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana kan 7, hawaye ma kusa da nan suke. Ruwan batiri yana can ƙasa wajen 1, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita tana can sama wajen 13 zuwa 14.

Mutane sun fi tsoron asid saboda sunansa, amma a cikin ido soda ta fi shi mugunta. Asid yakan ƙona saman ido ya daskarar da naman wurin, sai ƙunar ta tare masa hanya. Soda kuwa narkar da nama take yi, tana ci gaba da nutsewa ciki. Santsin nan da kake ji a yatsu in ka taɓa maganin wankin inji, saman fatarka ne ya fara narkewa.

Akwai asid ɗaya da ya fita daban, wanda ake sa wa wasu magungunan haskaka janti da alminiyam. A jikin kwalba za ka ga an rubuta HF, ko acide fluorhydrique, ko bifluorure d'ammonium. Wannan ratsa fata yake yi, yana kame sinadarin kalsiyam na jiki, kuma in an sirka shi mutum na iya yini bai ji komai ba, sai dare yatsa ya ɗauki raɗaɗin da ke hana barci. Ni na daina sayensa. Gara in ƙara minti goma ina gurzar janti da burushi da sabulu.

Duba takardar kwalba. In ka ga ɗan akwati mai jan gefe tsaye kan kusurwarsa, da hoton ruwa yana ɗiga kan hannu da kan ƙarfe, maganin mai cin nama ne. Wanda aka ɗura a tsohuwar roba babu suna babu takarda, aka ce maka "wannan mai ƙarfi ne", kada ka saya, komai araharsa. Ranar tsautsayi likita zai tambaye ka mene ne ya shiga idon, ka rasa amsa.

Ajiye ruwan ido kafin ka buɗe komai

Kowa a Yamai ya san pampo na iya ɗaukewa da tsakar rana. Saboda haka kowace safiya cika bido mai lita 20 da ruwa mai tsabta, ka rufe, ka ajiye buta a gefensa, inda taku kaɗan zai kai ka ko da idonka a rufe yake. Wannan ruwan ba na wanki ba ne, ba na shayi ba ne. Ka faɗa wa yara haka, ka kuma sake faɗa musu.

Sannan ka sa kaya

Baƙin tabarau na rana ba ya wannan aiki, na ƙara gani ma haka, domin sama da gefe a buɗe suke. Nemi mai roba mai laushi da ke manne wa fuska zagaye da ido, mai igiya ta bayan kai. Ana samunsa a shagunan kayan gini. In ka ga EN 166 a jikinsa tare da lamba 3, an yi shi ne domin tare fantsamar ruwa. Yara za su ce yana gumi ba sa gani, kuma gaskiyarsu ce, musamman a watan Afrilu. Ɗiga sabulun ruwa kaɗan a cikin gilashin, ka goge shi tas har ya bushe, hazon zai ragu sosai. Kuma kai maigida ka fara sawa. Yaro ba zai sa abin da bai taɓa gani a fuskarka ba.

Safar hannu ta nitiril ta fi ta roba ta asibiti, wadda esansi ke cinyewa nan da nan. A ƙafa a sa takalmin roba mai dogon wuya, domin duk abin da aka fesa wa mota ƙasa yake gangarowa, mai silifa kuma cikinsa yake tsaye yini guda.

Wajen haɗi, ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan a zuba magani a kansa a hankali, fuska a kauce. In ka zuba ruwa kan asid mai ƙarfi ko kan soda, zafi ke tashi nan take ya watso maka. Bi awon da ke jikin kwalba. Ƙara magani ba ya ƙara haske, fenti kawai yake ɓatawa. Kuma jabel, ruwan nan na faranta tufafi, ita kaɗai take tafiya: in ta haɗu da asid iskar kilorin ke tashi, in ta haɗu da amoniya da ke cikin wasu magungunan goge gilashi wata gubar ke tashi, dukansu kuma huhu da ido suke ƙonawa.

Wankin kansa

Shigar da mota inuwa ka bar ta ta huce. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ƙarfen da ya yini a rana kuwa ya fi haka nesa. Maganin da ka fesa masa tururi zai zama ka shaƙa, sauran ya bushe ya bar tabo. Tsaya iska tana bayanka. Gaban janti kada ka tsuguna ka kai fuska, miƙa hannu ka fesa daga gefe. Abin da za a iya zubawa a soso ko tsumma, a zuba a nan maimakon feshi.

Ƙarfin turin ruwa da bar ake auna shi: na injin feshin ruwa yakan wuce bar 100, na pampo kuwa ƴan ƙalilan ne. Da wannan ƙarfin yake ɗauko yashin da ya maƙale a ƙarƙashin mota ya harbo maka. Kada ka wanke ƙafa ko hannu da shi, kada yara su yi wasa da shi. Yana iya huda fata ya tura datti ciki, ramin ƙarami a ido amma ɓarnar tana ƙasa, kuma wannan na asibiti ne a ranar.

In ka ɗaga kapo, kashe inji, ka bari ya yi sanyi, kada ka taɓa murfin radiyeta yana da zafi. Farin garin nan da ke taruwa a kan batiri, kada ka hura shi da baki, kada ka kaɗe shi da busasshen burushi. Cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, ka jiƙa cokali ɗaya na bikarbonat a kofin ruwa, ka shafa a hankali har kumfa ta lafa. Batiri yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, esansin da wasu ke wanke inji da shi ma tururinsa bin ƙasa yake yi. Sigari da gawayin shayi su yi nisa da wurin.

Cikin mota kuwa, buɗe ƙofofi duka huɗu kafin ka fara, kuma kada ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji.

In magani ya shiga ido

Nan ne ake tsira ko a yi asara, kuma ba a jira kowa. Riƙe masa hannu kada ya murza. Kwantar da shi, ka karkatar da kansa yadda idon da ya samu matsala zai koma ƙasa, don kada ruwan ya gangara cikin ɗayan. Buɗe fatar idon da yatsunka masu tsabta, domin shi ba zai iya ba, zafi zai sa ya runtse. Zuba ruwa da buta daga gefen hanci zuwa waje, siriri ba yankewa, kana ce masa ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi gefe. Wani ya riƙa cika butar. A duba agogon waya: minti 15 zuwa 20 shi ne mafi ƙaranci, in soda ce a kai minti 30 ko fiye. Zai ce ya isa tun minti uku. Ka ce masa, "Yi haƙuri ɗana, da saura," ka ci gaba. In bido ya ƙare, a fasa ledojin piya wata.

Ba a sa nono, ba a sa kwalli, ba a sa ruwan sikari, ba a matsa lemun tsami wai don ya kashe soda, ba a ɗiga maganin ido na masu talla. Ruwa kawai. Bayan nan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa, ana ci gaba da zuba ruwa a hanya, a kuma ɗauki kwalbar a nuna wa likita. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen ido, lambar ƴan kwana-kwana kuma 18 ce. In shan maganin aka yi, kada a sa mutum amai, domin abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita.

Da an gama

Kowane magani ya koma kwalbarsa ta asali, a rufe, a sa a akwati mai kwaɗo. Kada a taɓa ɗura shi a robar lemu ko ta ruwan sha. Ruwan radiyeta mai launin kore ko ja yana da zaƙi a baki, guba ne kuma, ƙaramin yaro ba zai bambance shi da lemu ba. Ɗauraye tabarau da safa ka rataye su a inuwa.

A wurinmu in an kira azahar, babu mai fara alwala sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya kuma tsabtace ƙarƙashin farce, domin hannun nan ne zai ɗebi ruwa ya kai baki da hanci da ido.