Idan babban yatsan ƙafa ya kumbura da tsakar dare

Kawuna mahauci ne a Gombe. Wata asuba aka kira ni, na tarar babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jajur, ko mayafi ba ya bari ya taɓa wurin. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce wani abu ya taka. Ni da nake aikin jinya na gane gawut ne: sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini, ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai.

Da farko ɗora ƙafar kan matashi, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka sa a wurin kamar minti 20, ka yawaita shan ruwa. Kada ka sha asfirin. A je asibiti a ranar, domin maganin kolcisin ya fi aiki idan an fara shi da wuri. In akwai zazzaɓi kuma, kada a jira gari ya waye.

Bayan mako guda ko biyu ciwon yakan lafa da kansa, kuma nan ne mutanenmu ke ruɗuwa. Kawu ya ce jiƙon da ya sha ne ya warkar da shi. Na ce, "Kawu, jikinka ne ya taka birki." A cikin ƙwayoyin jiki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni, maikro-RNA, waɗanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka samu kyautar Nobel a kansu a 2024. Aikinsu rage yawan furotin da ƙwaya ke sarrafawa. Ɗaya daga cikinsu, miR-223, yana danne NLRP3, wato furotin da ke kunna wutar kumburi idan ya ci karo da allurorin nan. MiR-146a ma yana sassauta wutar. Amma allurorin suna nan kwance a gaɓa. Har yanzu kuma babu maganin gawut na maikro-RNA a kasuwa, bincike ake yi.

Don haka a auna yurik asid, a nemi ya sauka ƙasa da 6 mg/dL. Idan likita ya rubuta alofurinol, maganin rage yurik asid, kullum ake sha, ko ƙafa lafiya lau take. Mai hawan jini ya nuna wa likita magungunansa, domin masu sa fitsari suna ɗaga yurik asid. A rage hanta, ƙoda, kayan ciki da lemon kwalba.

Rage cin hanta da kayan ciki ne ya fi yi wa Kawu wuya. Kullum hanta na gabansa a kan teburi, amma yanzu fura da nono yake aikawa a sayo masa da rana.