Yadda za ka yi aiki a kamfanin da ya fara tangaɗi ba tare da ka yi asarar guminka ba

Shekara huɗu na yi a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta a nan Damagaram, mu bakwai har da mai gadi. Muna ja wa ƙungiyoyi wayar intanet a ofisoshinsu, muna rubuta wa masu farmasi da wasu ƴan kasuwar Dole manhajar lissafin kaya, muna gyaran abin da ya lalace. A watanni takwas na ƙarshe ban ga cikakken albashi ko sau ɗaya ba. Na fita da wani abu daga haƙƙina, wani kuma ya salwanta saboda sakacina. In kana cikin irin wannan hali, ƙanena, ga yadda zan yi da a ce yau na fara.

Kada ka jira maigida ya ce maka an shiga matsala, ba zai faɗa ba, kuma sau da yawa shi ma bai yarda a ransa ba. Dubi ranar biya. Tamu ta tashi daga 30 ga wata ta koma 5, daga nan ta koma 12, sannan aka daina kiran abin albashi aka koma cewa "ga wannan ka rage zafi". Dubi gurup kuma, wato injin ba da wuta. Da ana cika jarka biyu a gidan mai, sai ga shi ana aiken yaro ya sayo kwalba uku a bakin titi. Ranar da na tabbatar ita ce ranar da aka yanke mana intanet a ofis, mu masu sayar da intanet, aka ce kowa ya jona daga wayarsa.

Ba duka laifin maigida ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka, cire kuɗi a banki ya zama wahala. Kayan gyaranmu daga Kano suke zuwa, daga Beirut Road da Farm Centre, sai suka yi tsada suka kuma yi wuyar samu. Ƙungiyoyin da ke ba mu manyan ayyuka suka dakatar da shirye-shiryensu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kwangilolinmu ba su dawo tare da shi ba. Na kawo wannan ne don ka san cewa za ka iya tausaya wa mutum kuma ka rubuta bashin da kake bin sa.

To rubutun shi ne farko. Sayi ƙaramin littafi, ba a waya ba, domin waya tana faɗawa ruwa. Duk abin da aka miƙo maka, ko jika biyar ne, rubuta ranar da adadin da kuma hanyar da ya zo, hannu da hannu ne ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana. In ta waya ya zo, ajiye saƙon. A ƙarshen kowane wata ka fitar da abin da ya saura, ka rubuta shi a takarda ɗaya, ka kai wa maigida ya sa hannu.

Nan ne yawancinmu muke kasawa, don kunya. Mutumin da ya zo sunan ɗanka, ya ba ka kuɗin rago, ta yaya za ka miƙa masa takarda? Ni sai da na yi wata uku ina jinkiri. Ranar da na yi ƙarfin hali, bayan La'asar ce, ofis ba kowa, na zauna ƙasa-ƙasa na ce, "Alhaji, ba rashin yarda ba ne, don rai da mutuwa ne. Ko ni na riga ka, iyalina su san abin da ke akwai." Ya yi shiru, ya karanta har sau biyu, ya gyara wata lamba da na yi kuskure a kanta, ya sa hannu. Har ya ce ai Allah da kansa ya ce a rubuta bashi, ayar da ta fi kowace tsawo a Baƙara. Wannan takardar ita ce ta tsaya mini daga baya. Abokin aikina da ya ce shi ba zai iya ba, har yau lissafinsa da na kamfani ba su haɗu ba.

Daga nan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin CNSS, asusun da ake zuba wa ma'aikata kuɗin fansho, riƙe da lambarka, ka nemi a duba maka watannin da aka zuba. Ganin an cire kuɗin a takardar albashi ba ya nufin an kai su. Kamfanin da ya matsu, abin da ba a gani shi yake fara dainawa. Ni na tarar fiye da shekara ba a zuba mini komai ba, alhali ana cirewa. Da na je da wuri, da na sa shi cikin takardar farko.

Sai batun raba naka da na kamfani, wanda a aikinmu ya fi ko'ina cakuɗewa. Kwamfutar da kake aiki da ita taka ce ko tasu? Nemo rasit. Layin wayar da abokan ciniki ke kira da sunan wa aka yi rajistarsa? Mafi haɗari su ne abubuwan da ka buɗe da adireshinka na Gmail don sauri: sunan shafin wata ƙungiya, wurin ajiyar bayanai, lasisin manhaja. Ranar da kuɗinsu ya ƙare, kai za a nema, ba kamfani ba.

Na ga haka da idona. Wani dare wajen ƙarfe goma wata Hajiya mai farmasi ta kira ni, muryarta na rawa, wai manhajar ta ƙi buɗewa, kuma duk sunayen masu bashinta suna ciki. Kamfani bai biya kuɗin wurin ajiya ba wata biyu, saƙonnin gargaɗi kuwa suna ta shiga wani akwatina da na daina dubawa. Na hau babur na je. Allah ya taimake ni akwai kwafin da na taɓa ɗauka a kile, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, kwana goma sha ɗaya kafin nan. Muka zauna da yaron shagonta da fitilar waya, muna cike kwanakin da suka ɓace daga takardun da take sokewa a ƙusa. Sai kusan ƙarfe biyu na dawo gida.

Saboda haka tun yanzu ka ɗauki kwafin bayanan kowane abokin ciniki, ka ba shi nasa a hannu. Ka rubuta duk kalmomin sirri a takarda, ka sa a ambulan, ka miƙa wa maigida. Za a sami mai ba ka shawara ka riƙe su har sai an biya ka. Kada ka yi. Wanda zai sha wahalar ba maigida ba ne, Hajiya ce da ba ta ci maka ko dala ba. Kuma Zinder ba ta da faɗin da za ka ɓoye, daga Birni zuwa Zango kafin Magariba labarin ya zaga.

Aikin gefe dole ne, tunda tuwo ba ya jiran kwangila. Amma ka gaya wa maigida da bakinka, ka yi shi bayan tashi, kuma kada ka zagaya ka ɗauke masa abokin ciniki. A gida ma ka faɗi gaskiya da wuri. Na ɓoye wa matata wata biyu, ashe mai shagon unguwa ya riga ya gaya mata.

Ka sa wa kanka rana. Ni da na ce wata uku ba albashi zan tafi, sai na yi takwas, kullum ana cewa wata ƙungiya za ta biya mako mai zuwa. In lokacin ya yi, kada ka daina zuwa kawai, don za a rubuta cewa kai ka gudu daga aiki, hujjarka ta yi rauni. Rubuta wasiƙa, ka faɗi dalili, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Ka karɓi takardar shaidar aiki, dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta a ba ka. In lissafi ya ƙi daidaituwa, ofishin sufeton ƙwadago sulhu yake fara nema kafin a kai ga kotu, kuma abin da zai fara tambayarka shi ne takardu.

Za a iya yi maka tayin hannun jari a madadin kuɗinka. Hannun jari a kamfanin da ba ya iya sayen man gurup, ka ce ka gode. Kaya kuwa ka karɓa, matuƙar an yi musu kuɗi a rubuce an cire daga bashin. Ni na ɗauki inbata ɗaya da batura biyu, muka kira mai sayar da irinsu ya yi musu farashi a gabanmu, Alhaji ya rubuta a bayan waccan takardar. Su ne ke riƙe da ɗan shagon gyarana yanzu idan wuta ta ɗauke. Saura jika ɗari da arba'in, yana aiko da goma-goma, ina sokewa a littafin.