Yadda Ake Amfani da Kalmar Exploit Ba Tare da Katoɓara Ba

Wani ƙanena ya kawo mini takardar neman aiki in duba masa, sai na ga ya rubuta cewa zai yi exploit ɗin abokan cinikin kamfanin. Shi alheri yake nufi. Abin da ya faɗa kuwa shi ne zai ci da guminsu. Wannan kalma ta Turanci fuska biyu gare ta, ga yadda za ka rarrabe su.

Mataki na farko, dubi abin da ya biyo bayanta. Idan abu ne, kamar ma'adini, gona ko wata dama, ma'anarta cin moriya, kuma babu aibi. Nijar ta fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, ana iya cewa Niger began to exploit its uranium. Idan kuwa mutum ne, magana ta juya ta zama zalunci. He exploits his workers na nufin yana tatsar ma'aikatansa, aiki kamar jaki, lada ɗan kaɗan. Shi ne Bahaushe ke cewa an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Wannan matakin ya fi sauran duka muhimmanci, don nan ne mutum ke zagin kansa da bakinsa bai sani ba. Zaluncin dai take nufi in kalmar ta hau kan rauni, talauci ko jahilcin wani.

Na biyu, kada ka sa mata of. Exploit the chance ake cewa kai tsaye. 'Yar'uwarta take advantage ce ba ta tafiya sai da of, ita ma kuma in ta faɗa kan mutum cuta take nufi.

Na uku, lura da lafazi. In aikatau ce, ƙarfin murya na kan gaɓar ƙarshe. In suna ce, yana kan ta farko, ma'anar kuma ta koma bajinta, irin wadda ake ba da labarin jarumai da ita. Masu kwamfuta ma suna kiran dabarar kutse ta wata kafa a manhaja da wannan suna, kamar EternalBlue da aka yi harin kulle kwamfutoci na WannaCry da ita a 2017.

Ƙanen nawa dai serve, wato yi wa mutum hidima, muka sa masa a gurbinta.