Darasi na 9: Zuwa dubiya a asibitin yara

'Yan aji, darasinmu na yau a kan dubiya ne, dubiyar yaron da aka ba gado a asibiti. Mu mutanen Kano kowa ya san halinmu, da an ji an kwantar da ɗan wane sai gida ya tashi gaba ɗaya, kaka da goggo da inna da maƙwabta, a ciko adaidaita sahu da kuloli da filas ɗin shayi, wata ma har da goyonta a baya. Niyya ce mai kyau, kuma addini ya koyar da duba mara lafiya, babu mai ja da wannan. To amma sai a je bakin get mai gadi ya ce mutum biyu kawai za su shiga kuma ban da yara, nan fa rai ya ɓaci a fara cewa wulaƙanci ne. Wallahi ba wulaƙanci ba ne, ku biyo ni ku ji dalili.

Ko Asibitin Hasiya Bayero ka je a cikin gari, ko na Khalifa Isyaka Rabi'u da ke titin gidan Zoo, ko ɓangaren yara na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a titin Zariya, yaran da za ka tarar iri ɗaya ne. Ga mai tamowa da ya rame, ga mai sikila, ga wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini ana ƙara masa, ga bakwaini a kwalba. Dukkansu garkuwar jikinsu ta yi rauni. Murar da kai babba za ka yi kwana uku da ita ka ci gaba da zuwa kasuwa, idan ta shiga ƙirjin jariri tana iya zama ciwon huhu har sai an sa masa oksijin. Kuma gadaje kusa da kusa suke, abin da ka shigo da shi ba a kan ɗanku kaɗai zai tsaya ba.

A karanta wannan hirar da ƙarfi, mutum biyu su tashi:

Baba mai gadi: Hajiya sannu da zuwa, wajen wa za ki?
Hajiya: Jikana aka kwantar jiya da daddare Baba.
Baba mai gadi: Allah ya ba shi lafiya. Amma wannan ta bayanki ba za ta shiga ba.
Hajiya: Haba Baba, wata shida ne fa da ita, ko sauke ta ba zan yi ba.
Baba mai gadi: Shi ya sa ma Hajiya, don ita ake yi. Ki ba wata ta riƙe ta a nan inuwa.

Baba ya yi gaskiya. Ku ɗauki ƙyanda misali. Ta iska take bi, ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma yaro yana fara yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito, wato lokacin da uwarsa ma take zaton mura ce kawai da jan ido. Allurar rigakafin ƙyanda kuwa sai yaro ya kai wata 9 ake yi masa ta farko, ta biyu a wata 15. Kun ga 'yar wata shida ba ta da wannan kariyar tukuna. Ta shiga lafiya lau, bayan kwana goma ko sati biyu zazzaɓi ya rufe ta a gida kowa ya rasa daga ina. Haka kuma yaron da kake gani garau yana iya zama shi ne ya shigo da ƙarambau ko tarin shiƙa ya bar wa na kwance.

Ba mu manta mashaƙo ba, wanda ya ɓarke tun ƙarshen 2022 ya shiga 2023, Kano ce ta fi kowace jiha a Najeriya yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a kammala musu rigakafi ba. Tari da atishawa ne suke yaɗa shi, da shan ruwa a kofi ɗaya. Irin wannan ciwon ne ake ware wa ɗaki daban, idan an ce maka ɗakin killacewa ne ba a shiga to kar ka roƙi nas, kar ka nemo wanda ka sani a asibitin ya shigar da kai ta baya, ka yi gaisuwarka ta waya.

Kai kanka mai zuwa dubiyar ka duba jikinka kafin ka fito daga gida. In kana tari ko mura ko zazzaɓi, ko cikinka ya ɓaci kana gudawa, ko idonka ya yi ja da afolo, zauna a gida ka aika da saƙo. Uwar da ita ce mai jinya kuma mura ta kama ta ba yadda za ta yi, sai ta sa takunkumi ya rufe hanci da baki duka, ba a haɓa ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wanke hannu. Daga gida zuwa asibiti ka riƙe ƙarfen adaidaita, ka ƙirga canji, ka gaisa da mutum biyar, ka danna waya, duk wannan yana hannunka ko da ido bai ga datti ba. Wani zai ce ai yanzu na yi alwalar La'asar. Alwala tsarki ce ta ibada kuma tana da girmanta, amma ƙwayar cuta sai da sabulu take fita sosai. Ka jiƙa hannu, ka sa sabulu, ka cuɗa tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce, kar cuɗawar ta gaza sakan 20, sannan ka ɗauraye da ruwa mai zuba. In babu famfo wani ya zuba maka da buta, ban da tsoma hannu a kwano ɗaya kowa da kowa irin na gidan biki. Mata a matsar da awarwaro sama, zobe ma datti yana maƙalewa a ƙarƙashinsa. In akwai sanitaiza a bakin ƙofa a shafa a bari ya bushe da kansa, sai dai hannun da ya taɓa kashi ko amai sabulu da ruwa ne maganinsa. Ana wankewa kafin a taɓa yaro, bayan an taɓa shi, bayan an canza famfas ko an zubar da fo, da kuma kafin a ba shi abinci.

In ka shiga, tsaya a gefe ko ka zauna a kujera, ban da zama a kan gado. Kar ka bi gado gado kana ɗaukar 'ya'yan mutane kana sannu, daga nesa ma sannu tana isa. Ka yi wa yaro addu'a yadda kake so, amma kar yawun tofi ya sauka a fuskarsa ko a inda aka sa masa allura, sumba ma a bari sai an sallame shi. Robar ƙarin ruwa kuma don Allah a ƙyale ta, akwai masu murɗa ta wai ruwan ya yi saurin ƙarewa, alhali an auna shi ne da nauyin yaron, in ya yi yawa yana iya taruwa a huhunsa. Ka ga ruwa ya tsaya ko hannu ya kumbura, kira nas.

Abinci ma a tambaya kafin a ba shi. Wanda za a yi wa tiyata an hana shi ci na wasu awanni, in aka ba shi a ɓoye yana iya shaƙar amai lokacin da aka sa shi barci. Mai tamowa madara ce ta musamman ake auna masa, kunu ko tuwo da wuri na iya yi masa illa. Jiƙo da sassaƙe da maganin da aka sayo a kemis kar a haɗa su da na likita a ɓoye. Turare mai ƙarfi yana tayar wa mai asma, a rage shi ranar.

Lokacin dubiya kowane asibiti da nasa, galibi da yamma ne saboda da safe likitoci suke zagaye, a karanta allon bakin get ko a tambayi mai gadi. Minti goma ya isa, ka fito wani ya shiga. In kana so mai jinya ta ji daɗin zuwanka kawo mata sabulu da famfas da ɗan abin sayen magani. Ka koma gida ka wanke hannu ka canza riga kafin ka ɗauki naka yaran.

Aikin aji: kowa ya rubuta waɗannan a littafinsa sau uku, irin rubutun da za ku gani ne a bango.
A wanke hannu. Ba a shiga da yara. Lokacin dubiya ya ƙare.

Sai a amsa da baki: me ya sa Baba mai gadi ya hana 'yar wata shida shiga? A wane wata ake yin allurar ƙyanda ta farko?

Aikin gida: a nemo katin rigakafin ƙaramin yaron gidanku a zo da shi ranar darasi na gaba, za mu koyi karanta kwanan watan da ke jiki mu ga ko akwai allurar da ta wuce.